Yadda Muka Baro Yayanku a Bakin Teku

Kafin in shiga wannan babi ya kamata in gaya muku cewa shekaru sun ja, ƙwaƙwalwata kuma ba kamar da ba ce. Akwai abin da nake gani tar kamar jiya aka yi, akwai wanda ban san ko da idona na gani ba ko mahaifiyarku ce ta yi ta maimaita shi har ya zauna mini. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan shekara kuwa maganar Zainab ce, wadda ta yi bara a falo tana dariya, ba ta san ina jin ta daga ɗakin littattafai ba. Ta ce wai Baba ya tafi yawon buɗe ido Faransa da ɗa, ya dawo babu ɗa, ko a jikinsa. Ban tsawata mata ba, don abin da ta tashi tana ji ke nan. Amma ba haka abin ya kasance ba, ko kuma in ce ba haka kaɗai ba.

Sai na fara da Baffanku Isuhu. Mutumin Damagaram ne, kuma tare muka zauna a gida ɗaya na haya a unguwar Hayyus Sabi' a Alƙahira lokacin da muke ɗalibai, mu da wasu 'yan uwa da yanzu duk sun watse. Ni mutum ne mai duba murhun gas sau biyu kafin ya fita, ya kai bakin titi ya dawo ya sake dubawa. Shi kuwa yana iya barin shayi a wuta ya tafi Giza ziyara. Ni nake kwana a kan littafi, shi yake shiga gaban malamai ya ba su dariya ya fito da sakamako irin nawa, wani lokaci ma fiye. Direban ƙaramar bas da zai zage ni a kan na tsaya ina tambayar hanya, shi zai ɗauki Isuhu a kujerar gaba suna hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ban taɓa ƙinsa ba, Allah shi ne shaida. Abin da zan iya cewa shi ne, duk inda muka shiga tare shi ake fara gani, ni kuma a tuna da ni daga baya. Ba ya kiran sunana, sai Bakano, saboda wasan da ke tsakanin mutanenmu da nasu.

Ni na riga shi aure. Da aka haifi yayanku babu dangi ko ɗaya kusa da mu, Isuhu ne ya ɗauki jaririn ya yi masa huɗuba a kunne, shi ya nemo rago, shi ya tsaya a kan 'yan girki. Ranar suna ya ɗaga shi sama a gaban ɗalibai ya ce:

"Bakano, wannan nawa ne. Ka je ka nemi naka a gaba."

Na ce, "Ai naka ne, Malam."

Abin da ake cewa ke nan. Ku da kuka tashi a Masar ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A nan uba yana alfahari a kira shi da sunan ɗansa na fari, Abu wane. Mu a gidanmu ɗan fari abin kunya ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in an yabe shi sai ya sunkuyar da kai ya canza magana. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce, kuma haka na ga an yi, haka na yi. In ina son yayanku ya miƙo mini abu sai in ce "kai", ko in ce wa mahaifiyarku "yaron nan fa?" Mai gadin gidanmu, Ammu Sabri, kullum da safe sai ya ɗaga murya ya gaishe ni da Abu, ya haɗa da sunan yaron, ni kuwa in ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya. Isuhu ya gano haka, sai ya riƙa amsawa a madadina.

"Ammu, ga Abu na gaskiya nan, wancan ajiya aka ba shi!"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma ina tsaye a taga ina kallonsu suna sauka titi, yaron a wuyansa yana riƙe da kunnuwansa, za su shan ruwan rake. In sun dawo zan ji muryar yayanku tun daga matattakala yana ba shi labarin da ni bai taɓa ba ni ba. Ni ne nake tashi in taɓa goshinsa in yana zazzaɓi, bayan na tabbata ya yi barci. Shi bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ruwan rake.

Daga baya Isuhu ya samu tafiya Faransa, don yana jin harshensu tun daga gida. Ya zama limamin wani ƙaramin masallaci a yammacin ƙasar, yana kuma zaga marasa lafiya a asibiti. Ya auri Hajiya Mariyama, Allah bai ba su haihuwa ba. Ni na zauna a Alƙahira ina gyaran rubutu a wata maɗaba'ar littattafan addini, aikin da ya dace da mai tsoron kuskure. Na ɗauka nisa zai rage abin. Bai rage ba. Duk zuwan da zai yi, yayanku ne ke ɗaukar masa jaka, kuma yaron da kansa ya zaɓi Faransanci a makaranta ba tare da ya tambaye ni ba.

Shekarar da yayanku ya gama sakandare sai ga gayyata. Isuhu ya ce mu zo hutun bazara ni da mahaifiyarku da yaron, ku ƙanana a bar ku wurin maƙwabciyarmu Hajiya Asabe. Ya ce zai kai mu wani ɗan gari a bakin teku, a yankin da suke kira Biritaniyar Faransa, mu huta da zafin Masar. Ina ajiye waya mahaifiyarku ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, ka dai san abin da zai roƙa ko?"

Na ce, "Yawon buɗe ido ya ce."

"To. Allah ya buɗe idon."

Na sani sarai. Zai ce a bar masa yaron ya yi jami'a a can, a hannunsa. Na ƙudurta a raina ba zan yarda ba, na kuma shirya hujjoji kamar mai shiga jarrabawa: tarbiyya, ƙarancin masallatai, sanyi, Alƙur'anin da bai gama haddacewa ba. Ina maimaita su a cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a hanyar aiki. Hujja ɗaya ce ban shirya ba, domin ba ta faɗuwa a bakin uba irina: ina son ɗana a gabana.

Garin ƙarami ne ƙwarai, ina jin unguwarmu ta nan ta ninka shi. Gidajen na dutse ne, rufinsu baƙi-baƙi, tagoginsu shuɗi, ga wasu manyan furanni masu dunƙule a jikin kowace katanga. Ana cikin rana sai yayyafi, kafin ka buɗe lema ya ɗauke. Rana kuma ba ta son faɗuwa, sai ka gaji da jiran magariba. Ba hon, ba mai kiran fasinja, shirun har ya dame ni. Abincinsu wata siririyar waina ce mai faɗi, baƙa-baƙa, suna naɗe ƙwai da cuku a ciki. Ni sai da na sa Isuhu ya tambayi mai toyawa ko a kaskon nan ake soya naman alade, ya tambaya, na ce ya sake tambaya.

"Bakano, matar nan ta rantse da kakanninta. Ka ci, ko in ba tsuntsayen nan."

Tsuntsayen teku ne farare, marasa kunya, ɗaya ma ya fizge wainar daga hannun mahaifiyarku, ta bi shi da salati. Yayanku ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa kafaɗar Isuhu. Na lura da hannun. Na lura da yadda masu shaguna ke gaishe su tare, su ce wa Isuhu wata magana, shi kuma ya washe baki ya ja yaron jikinsa. Ban tambayi fassara ba, na gane. Su biyu a gaba suna Faransanci, matan a tsakiya, ni a baya ina riƙe da rigunan sanyin kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tashar jiragen ruwa. Da muka isa babu ruwa a ciki. Ga jiragen masunta nan kwance a kan gefensu cikin laka, an ɗaure su da igiya kamar awaki. Na ce wane irin mutane ne ke ajiye jirgi a tabo? Isuhu ya ce tekun nan tafiya yake yi ya dawo, kullum. Na karanta wannan a littafi, na ma san sunansa da Larabci. Amma tekun da na sani shi ne na Iskandariyya, wanda inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma. A raina na ɗauka dawowar kamar cikar kogi ce, a hankali, ana gani.

Ranar da abin ya faru, in ban manta ba kwana biyu ko uku kafin mu taho, tekun ya janye har ba a ganinsa sosai. Yashi ya shimfiɗu fari fat, mutanen gari sun bazu a kai da bokitai da 'yan ƙananan manjagara suna tonon wasu ƙwarya-ƙwaryan teku da suke ci. Can nesa akwai tarin duwatsu kamar ɗan tsibiri. Matan suka zauna a kan katangar bakin gaɓa, mu uku muka taka. Muka yi nisa. Da azahar ta yi Isuhu ya dubi filin ya ce bai taɓa ganin masallaci mai faɗin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa: ƙasa mai tsarki, ba kowa, ba mai kallo. Na ce ruwan fa? Ya ce akwai lokaci, ya san tekunsa. Muka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya, shi ya ja mu. Da muka sallame ya ce bari ya koma ya saya wa mata shayi, yayanku ya ce zai ƙarasa duwatsun ya ɗauki hoto. Wurin Isuhu ya nemi izini, ba wurina ba. Isuhu ya ce, "Yalla, je ka." Ni na zauna ina lazimi, bayana ga gari.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Abin da ya ɗago ni shi ne na daina jin muryoyin masu tono. Na waiwaya, duk sun tattara bokitansu sun yi gaɓa, wata tsohuwa tana ɗaga mini hannu. Sannan na ga ruwan. Ba ta gaba ya zo ba kamar yadda na zata. Ta gefe ya zagayo, yana bin kwaruruwan yashi shiru, yana gudu kamar an ɓalle famfo, ya riga ya shiga tsakanina da duwatsun. Yayanku yana can sama ya juya mana baya, yana kallon teku ta cikin wayarsa.

Na miƙe na ce, "Kai!"

Iska ta mayar mini da ita. Na shiga ruwan, sanyinsa ya kama mini ƙashi.

"Kai! Kai, yaro!"

Bai juyo ba. Wa zai juyo don an ce kai a cikin wannan iska, ga kukan tsuntsaye? A nan ne labarin da kuka sani ya rabu da nawa. Ku an gaya muku Baba ya tsaya yana kai-kai har Baffa ya iso. Ni kuwa abin da na sani shi ne na cika ƙirjina da iska na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa, cikakke, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka yanka ragonsa. Sau ɗaya na kira, wannan ba na musu. Wataƙila muryata ba ta da ƙarfi, mutum ne ni da ya ƙare rayuwarsa a kan tebur. Wataƙila kuma a daidai lokacin ne Isuhu ya iso bayana da gudu, ya sa yatsu a baki ya yi fito, ya kwarara sunan da muryarsa ta liman. Yaron ya juyo.

Ya sauko ya shiga ruwan, ya kai masa ƙugu, daga baya ƙirji. Isuhu ya wuce ni da rigarsa da komai, ya kamo shi, suka fito suna tangaɗi. Da muka taka busasshen yashi ya rungume shi yana kuka kamar mace, yana shafa kansa, yana ɗana, ɗana. Mutane suka kewaye su, wani ya kawo bargo. Ni ina gefe, wandona ya jiƙe har cinya, takalmanmu mu uku a hannuna, ban ma san lokacin da na kwashe su ba. Yayanku ya dube ni ta saman kafaɗar Isuhu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"An dai ce a riƙa kula."

Da yamma a gidan da muka sauka, bayan an sha shayi, Isuhu ya kawo maganar. Bai yi wasa ba a ranar, bai ce Bakano ba.

"Malam, yau na ga abin da zai same ni in yaron nan ya yi nisa da ni. Ka tuna abin da ka ce ranar suna. Ni ban manta ba."

Hajiya Mariyama ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Mahaifiyarku ta zuba mini ido. Hujjojina suna nan a kaina a jere, har da wata sabuwa, domin shi ne ya ce akwai lokaci, shi ne ya ce je ka. Zan iya faɗa. Amma ta yaya zan dubi mutumin da rigarsa ke shanye a kan igiya saboda ɗana in ce masa bai iya riƙo ba? Kuma ta yaya uba zai zauna a gaban mutane yana ja-in-ja a kan ɗan fari? A gidanmu ba a taɓa yi ba. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ran da za mu taho suka raka mu tashar jirgin ƙasa. Isuhu ya ja matan gaba da kaya, ina jin da gangan. Yayanku ya tsaya kusa da ni, kusancin da ba mu saba ba, yana kallon ƙasa.

"Baba, in ka ce in dawo, zan bi ku. A can ma akwai jami'a."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ban sani ba ko so yake in ce ya dawo, ko ladabi ne kawai. Na dubi sabuwar rigar sanyin da ke jikinsa, wadda ba ni na saya ba. Na ce:

"Ka bi Baffanka sau da ƙafa. Kar ka yi wasa da salla."

Ya ce to. Ya ɗauki jakata ya sa mini a jirgi.

Da muka dawo Alƙahira, Ammu Sabri ya taso da murnarsa ya gaishe ni da sunan da ya saba, ya leƙa bayan tasi yana neman yaron. Mahaifiyarku ce ta yi masa bayani. Ya tafa hannu ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, ya daina kirana da sunan daga ranar, ya koma Ustaz. Na ɗauka zan ji sauƙi. Mahaifiyarku kuwa ta yi makonni ba ta yi mini magana sai ta dole. Ranar da ta buɗe baki tana ninke zanin gadonsa ne.

"Ko da wasa ba ka ce a'a ba. Ko a ruwan ma, Malam, sai da wani ya zo ya kira maka shi."

Na ce, "Na kira."

Ta dube ni, ba da faɗa ba, da tausayi, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Ni dai muryar Malam Isuhu na ji."

Tana kan katanga, nesa, ni kuma na ba ta baya, ga ƙarar iska. Ban ga laifinta ba.

Sauran kun sani. Yayanku ya yi karatu, ya zama mutum, kuma ba zan tauye wa Isuhu haƙƙinsa ba, ya riƙe shi riƙon da ban da abin cewa a kai. Na so in sami abin cewa, ban samu ba. Shi ya kai shi jami'a, shi ya nema masa aure, shi jikokina ke hawa wuyansa. Ran Juma'a in ya kira waya kuna gani, zai yi doguwar hira da mahaifiyarku, ya yi da ku, sannan a miƙo mini. Ina wuni Baba, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, a gaida Baffanka. Wani lokaci ina jiyo muryar Isuhu a bayansa yana tsokanar yara, sai in miƙa wayar da wuri. Har yau in na ga hoton garin nan da jiragensa a kwance cikin laka, abin da nake ji ba sha'awa ba ce.

Wannan shi ne iyakar abin da na riƙe, kuma mai yiwuwa na karkace a wani wuri. Waɗanda suka halarta suna raye, alhamdu lillahi. In Hajiya Mariyama ta ga na sauya wata magana, ta aiko a gyara. Malam Isuhu ma haka, ko da yake shi a guje yake a lokacin, ban sa ran ya ji komai ba sai muryar kansa. Wanda ya rage shi ne wanda ke kan duwatsun. Zainab, ke kika fi sakin baki da shi, ki tura masa wannan babi. Ba na neman ya ce mini komai. In murya ɗaya ya ji a ranar, shi ke nan, a bar rubutun yadda yake. In kuwa biyu ya ji, ko da ta farkon can ƙasa-ƙasa ce, ya gaya wa mahaifiyarku. Ita za ta gaya mini.